Shuɗin da Yaya Ya Ajiye Mini

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi da Ya halicci launuka Ya bambanta tsakaninsu, Ya kuma yanka wa kowane mai sana'a ranar da zai ajiye kayan aikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yayana da muke ciki ɗaya, mai fenti da rubutun alluna a unguwar Zango ta Damagaram, ya koma ga Mahaliccinsa wata Talata da hantsi, saura mako uku a kama azumi. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ya yi a likita, a na biyar aka dawo mana da shi a lulluɓe. Ya girme ni da shekara shida, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidanmu, ko da yake ni ne mutane ke kira Goni suna russunawa, shi kuwa su tsaya a kan babur su tambaye shi ko aikinsu ya bushe.

Ni na yi masa wanka, tare da babban ɗansa. Da na kama hannunsa na dama sai na ga ɗigon shuɗi a gefen farcen babban yatsa, ya bushe ya manne. Irin wannan fenti, wanda ake kira akirilik, da ruwa ake dama shi, amma in ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. Ni na gaya masa tun farkon zuwan fentin garin nan cewa duk abin da ya hana ruwa isa ga fata sai an kawar da shi kafin alwala ta inganta. Ya karɓi wannan daga gare ni ba gardama. Shekara da shekaru, duk wanda ya wuce ƙofar shagonsa gab da azahar zai gan shi tsugune gaban buta yana ɓare fenti daga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗigo guda ne ciwo bai ba shi damar cirewa ba. Na sa farcena na ɓare masa shi a hankali, sannan na zuba ruwa. A nan na tabbata Yaya ya tafi, tun ba a kai shi makwanci ba.

An yi zaman makoki a zauren gidan mahaifinmu. Malamai da almajiraina manya sun zo, na kuma san saboda ni suka zo. Waɗanda suka zo saboda shi su ne suka ba ni mamaki. 'Yan kabu-kabu suka jera baburansu har suka toshe lungun, babbansu ya ce, "Allah gafarta Malam, duk addu'ar da ka gani a bayan babur a Zango, hannun Baba ne." Wani mahauci ya zauna yana share ido da gefen rawani, yana cewa allon rumfarsa ya sha rana da hayaƙin tsire har yaransa sun yi aure, amma jan da ke jiki har yau ja ne. Wani tsohon mushe, wato malamin boko, ya taso daga Hamdara a bayan kamyo, babbar motar kaya, don ya gaya mana abin da ko matar Yaya ba ta sani ba: duk shekara kafin a buɗe lakwal, wato makarantar boko, Yaya kan je ya sabunta musu baƙin allunan aji, ba ya karɓar komai sai ƙwaryar fura.

Sai wata tsohuwa daga Birni, da ta tsaya a bakin zaure ta ƙi shiga wurin mata sai ta yi magana da ƙaninsa. Ta ce, "Malam, yayanka ne kaɗai ya taɓa ce mini a'a na gode masa." Da za ta aurar da autarta ta so a shafe mata gaban ɗakinta na ƙasa da fentin zamani mai sheƙi. Yaya ya je ya dafa ginin, ya ce, "Inna, katangar ƙasa numfashi take yi. In na rufe ta da akirilik, damina ɗaya danshi zai kumbura shi ya zube, ya kuma tafi da fuskar ginin." Ta yi fushi ta ce zai raina ta ne don ba mai hali ba ce. Washegari ya dawo da farar ƙasa da jar ƙasa da makuba, ya yi mata zanen da iyayenmu suke yi. Maƙwabcinta da ya sa wani ya shafa masa mai sheƙin, ta ce, gidansa yanzu kamar mai ƙyasbi.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, ladanin masallacin unguwarmu da shugaban kwamitin gyaransa suka matso kusa da ni. Shugaban ya ce, "Allah gafarta Malam, mun san ba lokacin maganar ba ne, amma azumi ba zai jira mu ba. Allon da marigayi yake yi mana na saman ƙofar masallaci yana shago. Ya gama shimfiɗar shuɗi, ya gama zanen gefe, tsakiyar ce babu rubutu. Mun yi wa jama'a alkawari za a ɗora shi Juma'ar ƙarshe kafin azumi. In babu mai ƙarasawa, masu injin bugawa sun ce za su buga mana wani a kan leda cikin yini ɗaya."

Kafin in amsa, aka yi magana daga bayan ƙofar cikin gida. 'Yarsa ta biyu ce, malamar lakwal, uwar 'ya'ya huɗu, ita kaɗai cikin 'ya'yansa ta ɗauki sana'ar. Ta ce, "Baffa, Baba ya ce tsakiyar allon nan taka ce. Ya ce ko ni kada in taɓa."

Babu dattijo a wurin da bai san cewa shekara ashirin da wani abu da suka wuce na rantse da Allah hannuna ba zai ƙara taɓa burushin Yaya ba. Ke nan ko in warware rantsuwata in rubuta, ko aikin ƙarshe na ɗan'uwana ya tsufa a jingine a bango, leda ta hau ƙofar masallacin da ya yi shekara hamsin yana sallah a cikinsa.

Wajibi ne in faɗi yadda rantsuwar ta samo asali, ko da ba ta ƙara mini daraja.

Gaban malami ɗaya muka yi karatu. Ni na riƙe karatun, shi kuwa hannunsa ne ya riƙe. Tun bai kai rabin Alƙur'ani ba shi ake kira ya yi zayyana a allon duk wanda zai yi sauka, da jan garura da ruwan ƙwai da baƙar tawada. Daga nan ya koma wajen wani tsoho mai rubuta allunan shaguna da jikin motoci, ya koyi fentin mai, wanda ake wankewa da kananzir, mai yini biyu bai bushe ba. Da akirilik ya fara shigowa daga Kano, Yaya na cikin na farko da suka rungume shi, don ba ya wari, ba ya hawa kai, kuma aikin da aka fara da safe ana iya ɗaukarsa da yamma. Mun sha saɓani a kan kawunan mutane da yake zana wa masu aski da ragunan da yake zana wa mahauta. Nakan karanta masa abin da malamai suka ce, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji, Goni." Daga baya ya bar su da kansa ya tsaya ga furanni da sarƙaƙƙen zane da haruffa, bai kuma taɓa cewa maganata ce ta sa ba.

Wata rana aka ba shi aikin allon wata makarantar Islamiyya. Ya ce hannuna ya fi nasa a rubutun Larabci, in zo in rubuta. Ya ba ni burushin da ya fi so a duniya, siriri mai dogon gashi na jan layi, wanda tsohon ubangidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi. Ya fita sayo katako, na zauna ina rubutu. Ina tsakiyar layi na biyu aka kira azahar. Na ajiye burushin da fentinsa a kan faranti, na tafi masallaci, daga can na zauna ba da karatu, ban dawo ba sai bayan la'asar.

Ban yi haka don sakaci ba. Ni mutumin tawada ne. Tawadarmu ƙaro ne da baƙin tukunya. In ta bushe a kurtu sai a ɗiga mata ruwa ta farfaɗo, in ta bushe a bakin alƙalami sai a tsoma shi ya saki, in an yi kuskure a allo sai a jiƙa yatsa a goge. Tun ina ɗan shekara biyar ban san wani abin rubutu da ruwa ba ya dawo da shi ba. Na ga Yaya yana dama fentin nan da ruwa, sai na ɗauka hukuncinsu ɗaya. Da na dawo na tsoma burushin a ruwa, na jira, na murza. Ya ƙage kamar tsinke.

Yaya ya shigo ya same ni ina murzawa. Ya karɓa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Goni, sallah ba ta hana ka wanke shi ba. Ita kanta da wanki ake shiga cikinta."

Da na ce masa ya yi haƙuri, da maganar ta mutu a nan. Amma akwai mutane a shagon, ciki har da almajiraina biyu. Na ce, "Yanzu gashin dabba kake aunawa da kiran sallah?" Na ƙara da cewa sana'ar da za a tsaya yi wa tsinke wanka ana kiran sallah ba sana'ar manya ba ce. Ya ɗauki ƙusa ya kafa a bango daidai inda kowa zai gani, ya rataye burushin. Ya ce, "Nan zai zauna. Duk wanda ya zo koyo zan nuna masa abin da babban malami ya yi." Mutane suka yi dariya. A nan na yi rantsuwar.

Kada mai karatu ya ɗauka mun yi gaba. Ba mu yi ba. Tuwonmu na sallah ƙwarya ɗaya ne, shi ya karɓi auren 'ya'yana, ni na raɗa wa jikokinsa suna. Kusan kullum bayan la'asar nakan zauna a kan bencin shagonsa, hannuwana a cikin riga. Ko burushi ya faɗo gaban ƙafata ba na ɗauka, sai ya taso da kansa, yana cewa, "Bari, Goni, kada ka jawo wa kanka ciyar da mutum goma." Ta haka na haddace sana'ar da kunne ba tare da na nufa ba, kamar yadda maƙwabcin makaranta ke haddace karatu ta bayan katanga.

Ga abin da na ji yana maimaitawa, na rubuta shi don kada ya tafi tare da shi. Yakan ce akirilik a Damagaram ba shi da haƙuri, abin da takardar jikin gwangwani ta ce zai yi rabin awa, a bazararmu kafin ka amsa sallama ya kama. Don haka aiki mai kyau daga fitowar rana ne zuwa hantsi, a inuwa, nesa da iska. Ba ya zuba fenti a busasshen faranti. Yakan shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗora takarda mai santsi a kai, sannan ya ɗiga fentin kaɗan-kaɗan, danshin ƙasa yana riƙe masa shi. Gwangwani biyu na ruwa yake ajiyewa, ɗaya na ɗauraya, ɗaya mai tsabta na damu, kuma wanda ya haɗa su ya sha faɗa. In ya ga an tsinka fenti ya yi ruwa tsululu sai ya ce, "Wannan kunu ne. Ruwa in ya yi yawa ƙaron cikinsa ya mutu, bana za ka shafa, baɗi ya zube." Shafe biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe, sun fi masa guda mai kauri. Katako kuwa ba ya sa masa launi sai ya goge shi ya yi masa farin shimfiɗa, in ba haka ba katakon ya shanye fentin.

A kan burushi ya fi tsanani. Yakan ce mai farawa uku sun ishe shi: mai faɗin baki na shimfiɗa, mai tsini na zane, da siriri na layi. Na gashin roba ya fi dacewa da akirilik, domin gashin dabba laushinsa na fentin mai ne, wannan yana cinye shi. Kafin a tsoma a fenti a jiƙa shi a matse. Kada fenti ya wuce rabin gashi, don in ya shiga wuyan ƙarfen nan ya bushe, bakin burushin ya buɗe ke nan har abada. Kada a bar shi tsaye a kan gashinsa cikin gwangwanin ruwa, zai lanƙwashe, ƙotar kuma ta kumbura. In an gama, ruwan sanyi da sabulun salo a tafin hannu, ana juyawa har kumfa ta fito fara, a gyara masa baki da yatsa, a kwantar da shi. Ruwan zafi yana narkar da abin da ya riƙe gashin. Akwai kuma maganar da ya fi yawan faɗa, wadda ban ba ta muhimmanci ba sai daga baya: akirilik in ya bushe yana ƙara duhu, saboda haka launin da ka haɗa da ido yau, gobe ba za ka iya haɗa irinsa ba. "Ka dama fiye da buƙatarka," in ji shi, "ka rufe saura. Mai aiki bai san ranar da zai nemi jiya ba."

Duk wanda ya zo koyo kuwa, darasinsa na farko shi ne a kai shi gaban ƙusar nan. In ina zaune sai in sunkuyar da kai in ja carbi.

Wata guda kafin rasuwarsa na same shi tsaye gaban allon masallacin. Ya miƙa mini hannunsa na dama ya ce, "Duba." Yana rawa. Ya ce, "Zanen gefe yana ɓoye rawar hannu, harafi ba ya ɓoyewa. Tsakiyar nan, Goni." Na ce, "Yaya, ka san rantsuwata." Ya dube ni, ya ce, "Na sani. Ina wurin." Ya juya ya ci gaba da wanke kayansa. Wannan ce magana ta ƙarshe da muka yi a kan aiki, kuma ita ce take hana ni sakewa tun ranar da na ɓare masa shuɗin nan.

Bayan addu'ar bakwai na shiga gaida matarsa, tana takaba. Ita da ni abokan wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu, baƙin ciki kuma bai kashe mata baki ba. 'Yar tana zaune gefenta, ta ce, "Baffa, na yi tunani. Ka rantse ba za ka taɓa burushin Baba ba. To yanzu ai ba nasa ba ne, na magada ne. Ka ga babu rantsuwa."

Uwar ta ce, "Ka ji 'yar boko ta fi ka fikihu, mijina ƙarami."

Na ce, "Dabara ce mai kyau, amma ba zan yi wa Allah wayo ba. Rantsuwa tana bin niyya, ni kuwa na san abin da na nufa ranar nan. Na nufi in ƙona masa rai ne."

"To ka ƙona," in ji matar Yaya. "Shekara ashirin yana dawowa gida yana cewa, yau ma Goni ya zauna hannu a riga. Yanzu sai ka zaɓa, girman kanka ko allon ɗan'uwanka."

Ni da nake karantar da mutane cewa wanda ya rantse a kan wani abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, ya yi kaffara ya aikata alherin, sai ga shi matar da ba ta buɗe littafi ba tana tuna mini babin. Washegari na sa aka dafa abinci aka ciyar da mabuƙata goma, na tafi shagon.

Kwana takwas 'yar Yaya tana koya mini a kan gutsattsarin katako kafin ta wuce lakwal. Alƙalami turawa ake yi, burushi kuwa ja ake yi, hannun da ya shekara sittin a kan ɗaya ba ya komawa ɗayan cikin sauƙi. "Baffa, ka cika masa ciki." "Baffa, ruwa, ya fara kamawa." "Baffa, a kan gashinsa ka tsayar da shi!" Ban taɓa zama gaban malami mai tsanani irinta ba, kuma muryar ubanta nake ji a cikin tata.

Ranar Laraba, saura kwana biyu, muka fitar da layin da alli a kan shuɗin, na yi alwala, na fara da farin fenti: basmala a sama, kalmar shahada a ƙasa. Hannuna ya tsaya fiye da yadda na zata. Da na kai harafin ƙarshe na ja da baya don in duba, sai na ga jelar wani harafi a layin sama ta karkace ta sauka inda bai kamata ba. Alhamdu lillahi ba a kan sunan Allah ba ne. Kafin in yi tunani, kafin 'yar ta buɗe baki, yatsana ya riga ya shiga ruwa ya hau allon, kamar yadda yake yi tun ina yaro. Fentin ya riga ya fara kamawa. Bai goge ba, bai kuma zauna ba. Ya yi dabbare fari-fari, faɗin tafin hannu, a tsakiyar shuɗin Yaya.

Ta ce, "Wayyo Baffa."

Na ce, "Ba a rufewa?"

"Ana rufewa. In ya bushe a shafa shuɗi a kai, a sake harafin. Amma wannan shuɗin Baba ne ya haɗa shi da ido, launi uku ne a ciki, ban ga awon da ya yi ba. Duk wanda na haɗa, in ya bushe zai fito kamar faci a riga. In kuma na sake shimfiɗar duka, na shafe hannunsa ke nan."

Ta gwada sau uku a gefen katako. Ɗaya ya yi duhu, ɗaya ya yi kore-kore, ɗaya ya yi fari. Muka bincike shagon, gwangwani bayan gwangwani, babu. Na zauna a bencina na dā, ƙarƙashin ƙusar nan, na ga cewa kuskuren da na yi ina da ƙarfina shi na sake yi da furfurata, wannan karon kuwa babu wanda zai yi mini faɗa.

Da hantsi ya yi muka koma gida, na shiga na gaya wa matar Yaya da bakina, don kada ta ji a wurin wani. Ta saurara har na gama. Sai na ga gefen bakinta yana motsi.

Ta ce, "Da yatsa ka goge?"

Na ce, "Da yatsa."

"Haka yayanka ya ce." Ta dubi 'yarta. "Je ki gindin randa, ki tona yashin ta bayan bango."

'Yar ta dawo da kwalba a hannu, yashi mai danshi a jikinta, an rufe bakinta da leda kafin murfi, an kuma kife ta don kada iska ta shiga. Cike take da shuɗi. A jikinta an manna 'yar takarda, da rubutun ajami na hannun da ke rawa: Na kuskuren Goni.

Matar Yaya ta ce, "Daren da za a kai shi likita bai yi maganar gona ba, bai yi ta gida ba. Tun da rana ya sa na binne wannan. Ya ce kada a nuna maka kafin lokaci, don in ka gani za ka yi zuciya ka fasa. Na ce masa, in kuma bai rubuta ba fa? Ya ce zai rubuta. Na ce, in kuma bai ɓata ba? Ya yi dariya har tari ya kama shi."

Na karanta babuka masu yawa a kan suturta aibin ɗan'uwa, na kuma karantar da su. Ban taɓa ganin wanda ya dama suturar ya ajiye tun kafin a yi laifin ba sai Yaya.

Ranar Alhamis da sassafe 'yarsa ta shafa shuɗin, shafe biyu marasa kauri. Yana ɗanye ya fi na allon haske, gabana ya faɗi. Ta ce, "Jira, Baffa." Muna kallo yana bushewa yana duhu, har ya ɓace cikin ɗan'uwansa, ko ni da na yi ɓarnar ban iya nuna wurin ba. Da ta taso daga lakwal na sake harafin. Ina ɗaga burushi daga jelarsa ladan ya kira azahar. 'Yar ta dube ni, na dube ta. Na ɗauki sabulun salo, na zuba ruwan sanyi a tafin hannuna, na juya har kumfa ta fito fara, na gyara masa baki, na kwantar da shi. Sannan na tsuguna gaban butar Yaya na ɓare farin da ke yatsuna. Na sami sallah tun ba a tayar ba.

An ɗora allon ranar Juma'a. Masu wucewa suna cewa hannun marigayi bai taɓa yin kyau kamar a aikinsa na ƙarshe ba, ni kuwa ba na gyara musu. 'Yarsa ta riƙe shagon, tana buɗewa bayan ta taso daga lakwal. Ta tambaye ni ko in ɗauke ƙagaggen burushin nan in tafi da shi. Na ce ta bar shi a ƙusarsa, duk wanda ya zo koyo ta nuna masa, ta kuma faɗi sunan wanda ya yi. Kwalbar ce na roƙa. Akwai saura a cikinta, tana gindin randata.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da hannuwan da ya tsabtace domin tsayuwa gabanka sau biyar a kowace rana. Ka rufe kurakuransa rufewar da ba ta barin alama, kamar yadda ya rufe nawa. Ka yalwata makwancinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri, mu kuma da muka saura Ka ba mu ikon wanke abin da ke hannunmu tun bai bushe ba. Amin.